Kofin Da Aka Kife

A durƙushe Wangeci ta fara ganinsa, a bakin ƙofar makarantar Gaturi, yana tsintar murafen kwalba a cikin taɓo. Gwangwanin da ya zubo su a ciki ne ya suɓuce masa, suka watse. Safiyar Litinin ce, ana yayyafi. Tana riƙe da hannun Nyakio, 'yar yayanta, kwandon tsinkar ganyen shayi na rataye a bayanta.

"Kai ne sabon Mwalimu?" ta tambaya.

Ya ɗago, taɓo har goshinsa. "Ni ne. Sunana Ndirangu."

"An ce mana malami za a turo daga Nakuru. Ba a ce mana mai tsintar shara ba ne."

"Ba shara ba ce, kayan aikina ne. Da su zan koya wa yara ƙirga."

"To wannan dai ba za ta wahalar da kai ba. Nyakio, ƙirga wa Mwalimu ya ji."

Yarinyar ba ta cika shekara biyar ba. Ta ɗaga haɓa, ta rero ɗaya zuwa ashirin ba ta ko tsaya numfashi ba. Ndirangu ya tafa mata, sannan ya miƙa mata gwangwanin.

"Madalla da ke. To, ba ni murfi uku."

Nyakio ta cusa hannu, ta damƙo cike da tafinta, ta zuba masa.

"Kin gani?" ya ce wa Wangeci a hankali. "Waƙar ta iya. Uku har yanzu suna ne kawai a bakinta, ba ta san gidansa ba."

"To ina gidan uku yake?"

"Abin da aka turo ni in nemo ke nan."

Ta yi dariya, ta ce idan ya samo ya gaishe shi. Ta gangara zuwa gona, shi kuma ya bi ta da kallo har ganyen shayi ya ɓoye kwandon. A ranar sau biyu ya ɓata lissafi a gaban yara.

Mutum ne mai haƙuri a aji. Yakan jera murfi uku a kan benci, ya ajiye ganye uku kusa da su, ya tafa sau uku, ya sa yara su yi tsalle sau uku. Sai ya tambaye su abin da ya haɗa waɗannan duka.

"Duk naka ne, Mwalimu!" in ji su.

Idan ya ware murafen ukun nan, ya sa tazara a tsakaninsu, sai yara su rantse sun ƙaru. Idan ya matse su wuri ɗaya, su ce sun ragu. Ba ya tsawa. Sai ya tattara, ya sake daga farko.

Kullum Wangeci ce ke kawo Nyakio, ita ke zuwa ɗaukarta, don uban yarinyar yana aiki a Nairobi, ita kuma tana zaune a hannun kakarta. Tun Wangeci tana tsayawa a bakin ƙofa, har ta koma tsayawa a bakin taga. Wata rana ta kawo masa murafe cike da leda, ta ce a shagon kan hanya ta roƙo. Wata rana kuma shi ya nemi lambar wayarta, wai saboda ko yarinya ta yi zazzaɓi. Nyakio ba ta yi zazzaɓi ba duk zangon, amma saƙo bai yanke ba.

"Mwalimun murafe, ka samo gidan uku?"

"Ban samo ba tukuna. Amma na samo gidan ɗaya. Yana gangaren kogi, ƙofarsa shuɗiya, ana ɗaure saniya a gefensa."

"Kai! Wa ya nuna maka gidanmu?"

"Nyakio. Ba ta iya uku ba, amma ta iya kwatance. Barka da yamma, Ɗaya tawa."

Daga ranar sunan ya bi ta. A gaban mutane takan harare shi idan ya faɗa, amma ba ta taɓa goge saƙon da sunan yake ciki ba.

A watan Yuli Nyakio ta kama bakin zaren. Ta gane cewa kowane suna na tafiya da abu guda, ana taɓawa ana faɗa, sunan ƙarshe kuma shi ne yawansu. Ta ƙirga tagogin aji, ta ƙirga kajin mai gadi, ta ƙirga maɓallan rigar Mwalimu. Ndirangu ya yi murna kamar shi aka haifa wa ɗa.

A hutun Agusta 'ya'yan Maitu Wambaire, mahaifiyar Wangeci, sukan dawo gida daga duk inda suke. Wangeci ce autarsu. Ta ce lokaci ya yi da Ndirangu zai zo a gan shi. Ana gobe ta aika masa:

"Ka sa rigarka mai ruwan toka. Ka ci abin da aka ba ka, ka nemi ƙari, Maitu na son mai ci. Abu ɗaya kuma: a gidanmu ba a ƙirga mutane. Kada ka tambaye ta 'ya'yanta nawa. Ka ji ni?"

"Na ji, Ɗaya tawa. Ke kaɗai nake ƙirgawa, kuma na riga na gama."

Wasa ya ɗauke shi. A Nakuru ya girma, cikin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, yaren iyayensa ma da harshen birni yake yin sa. Ya taɓa jin tsofaffi ba sa cewa goma idan mutane ko awaki ake magana, sai su ce tara cike. Ya ɗauka salon magana ne kawai, irin wanda ke tafiya da masu shi. Da ya tambaye ta dalili a ranar, da ta faɗa masa. Bai tambaya ba.

An karɓe shi da kyau. Aka gasa akuya, aka tuƙa dankali da masara da ganyen kabewa, ya ci ya nemi ƙari. Maitu Wambaire na zaune a kan kujera 'yar tsugunne a ƙofar kicin, tana kallonsa tana murmushi.

"Wannan yana ci kamar ɗan gida," ta ce. "Yarensa ne dai kamar an wanke shi da sabulu."

Kowa ya yi dariya, har shi.

Da aka zo shan shayi, ta sa aka sauko da kofunan ƙarfe daga saman kantar kicin. Kowane kofi da zarensa ɗaure a hannu, wani ja, wani kore, wani baƙi. Ita take ɗaga kowanne, ta kira sunan mai shi, ta zuba. Shi aka ba shi na baƙi, marar zare. Ya lura akwai kofi ɗaya mai shuɗin zare da aka bari a kife a kan kantar, amma bai kawo komai a ransa ba.

Daɗin karɓar da aka yi masa ne ya ɗebe shi. Ya so tsohuwar ta ga aikin hannunsa.

"Nyakio, zo ki nuna wa Shosho, kakarki, abin da kika iya. Ga babanki, ga ƙannensa da yayyensa duk sun hallara. 'Ya'yan Shosho nawa ne?"

Wangeci ta kira sunansa, amma yarinya ta riga ta tashi da gudu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana taɓa kan kowa da yatsa, tana faɗa da ƙarfi yadda aka koya mata. Ta ƙare a kan Wangeci.

"Tara!"

Maitu Wambaire ta ajiye butar shayi a ƙasa.

"Tara cike," ta ce.

Da ya yi shiru a nan, da wataƙila an wuce wurin. Amma malami ne, ga ɗalibarsa ta ba da amsa daidai, tana kallonsa tana jiran yabo.

"Maitu, tara ai tara ce," ya ce cikin ladabi, har da murmushi. "Ba ta cika, ba ta raguwa. Yarinya ta yi daidai."

Tsohuwar ta dube shi. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Nyakio ta dubi fuskokin manya, ta fashe da kuka.

Wangeci ce ta raka shi hanya. Sai da suka kai gadar katako ta yi magana.

"Mu goma ne. Ina goye a baya, wani ma'aikacin gwamnati ya zo da takarda. Ya jera 'ya'yan Maitu a tsakar gida, yana taɓa kan kowa da biro, yana faɗa da ƙarfi. Ni ce ta goma. Mako biyu bayan haka ƙyanda ta kama Thuo. Shekararsa shida. Kofinsa ne ka gani a kife."

Maimakon Ndirangu ya tsaya a kan wannan, sai bakinsa ya riga zuciyarsa.

"Allah ya ji ƙansa. Amma Wangeci, ƙyanda ce ta kashe shi, ba ƙirga ba."

"Na sani. Ita ma ta sani. Ita ta kai mu rigakafi dukanmu bayan haka, a ƙafa."

"To me ya sa..."

"Ka koma ka ba ta haƙuri, Ndirangu. Yanzu, tun shayinka bai huce ba."

"Zan ba ta haƙurin ɓata mata rai. Amma ba zan tsaya gaban yarinyar da na yi wata bakwai ina koya wa ba, in ce mata tara goma ce."

"Ba wanda ya ce ka faɗi haka."

"Bari ta huce. Zan zo ran Lahadi."

Bai zo ran Lahadi ba. Ya ce wa kansa bai gama shirya kalmomin da zai faɗa ba. Lahadi ta biyu aka yi ruwa. Ta uku kunya ta riga ta yi masa nauyi. Ranar nan saƙonta ya shigo:

"Maitu ta ce mutumin da ya shigo gidanta ya rage mata ɗa, bai dawo ya mayar ba, ba za ta ba shi 'ya ba. Na roƙe ta, ta ce ba ni take jira ba. Ni ba zan tsallake maganarta ba. Ka san hanya."

Ya rubuta amsa sau huɗu yana gogewa. Abin da ya tura a ƙarshe shi ne: "Ina tunani a kai." Har yau idan ya tuna wannan saƙon sai ya runtse ido.

Da aka koma makaranta, wata maƙwabciya ce ta riƙa kawo Nyakio. Yarinyar kuma ta daina ƙirga. Tana waƙa, tana zane, tana wasa da 'yan'uwanta, amma da ya ɗauko gwangwanin murafe sai ta cusa hannuwanta a ƙarƙashin cinyoyinta, ta sunkuyar da kai.

"Nyakio, ba ni biyu kawai."

"Ba na so, Mwalimu."

"Don me?"

"Idan na ƙirga, Shosho kuka take yi."

Ya lallaɓa ta da wake, da tsakuwa, da alewa ma. Ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Ana cikin haka, wata Alhamis ya hango motar ɗaukar madara ta wuce ta gaban makaranta, Wangeci na zaune a gaba. Direban motar Gichuki ne, ɗan garin, mai faɗin kafaɗa da yawan dariya, wanda ya san yadda ake gaida kowace tsohuwa a Gaturi da sunan danginta. Kowa ya san ya daɗe yana son Wangeci. Alhamis ta gaba ma haka, da wadda ta biyo ta. Ndirangu bai ga wanda ke zaune a tsakaninsu ba, don bai tsaya ya duba da kyau ba. Ya ɗauki waya ya rubuta:

"Na ga kin sami mota. Allah ya sa alheri. Shi ai ba zai ƙirga komai ba sai garewanin madara."

Amsarta ta zo bayan kwana biyu: "Na gode, Mwalimu."

Ba murafe, ba wasa. Daga nan waya ta yi shiru. Aka yi Kirsimeti, aka shiga sabuwar shekara, ruwan Afrilu ya zo ya wuce. Ya ci gaba da ajinsa, da yaransa, har da Nyakio da ke zaune a benci na biyu tana ɓoye hannu. Idan ya hango kwando a gangaren gona sai ya juya ya kalli allo.

Wata goma sha ɗaya aka yi haka.

A sanyin Yuli, wata safiya mai dafa wa yara kunu ta aiko a zo a ɗauki kofuna. Ya tura Nyakio, don kawai ta motsa jikinta. Bai gaya mata nawa za ta ɗauko ba. Ya bi bayanta da tire, sai ya tsaya a bakin ƙofar kicin.

Tana durƙushe gaban kwandon kofuna. Takan ɗauki ɗaya, ta raɗa masa suna, ta ajiye. "Wanja. Kibe. Mumbi. Njoki ƙarama. Njoki babba." Haka ta bi ajin kaf, benci bayan benci, daga ka. Da aka kai aji aka raba, kowane yaro ya sami nasa, ba ragi. Ɗaya ya saura a tire. Ta ɗauke shi ta kife a kan bencin baya.

"Wannan ya yi yawa ko?" ya tambaye ta.

"Bai yi yawa ba. Na Kibe ne."

"Kibe ai bai zo ba yau."

"Ba ya nan, amma ɗan ajinmu ne." Ta dube shi kamar shi ne yaron. "Haka Shosho take yi."

Ndirangu ya zauna a kan ƙaramin bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa. Shekara da rabi yana neman yadda zai nuna wa yara cewa kafin a san uku ko tara, sai an san kowane abu da abokin tafiyarsa, wannan na wannan, wancan na wancan. Ashe tsohuwar da ya gyara wa magana a gaban 'ya'yanta ta fi shekara ashirin tana yin wannan darasi kowace safiya, ta kuma koya wa jikarta ba tare da ta ɗora wa kowa yatsa a ka ba. Tambaya biyu ce daban: nawa ne ke zaune a nan, da nawa ne namu. Shi ta farko ya amsa. Ita ta biyu take amsawa.

"Nyakio," ya ce, "mutane ba za mu ƙirga su ba. Amma kofi ba ya jin zafi. Ko za ki ƙirga mini kofunan? Har da na Kibe."

Ta dubi kofunan. Sannan ta zaro hannunta a hankali, ta fara taɓawa. Ta kai ashirin da uku ba ta yi tuntuɓe ba, ta ƙare a kan wanda aka kife.

"Shosho ba za ta yi kuka ba?"

"Ba za ta yi ba."

"Dama yanzu ba ta da ƙarfin kuka. Kullum Alhamis Tata Wangeci na kai ta asibiti a motar madara. A tsakiya ake sa ta, don kada ta faɗi."

Bai san yadda ya ƙarasa darasin ranar ba. Ana tashi, ya saya sukari da garin alkama kamar yadda ake zuwa gaida manya, ya gangara hanyar da ya ce zai bi wata Lahadi.

Wangeci ya tarar tana yanka wa saniya ciyawa. Ta rame. Ta dube shi, ta dubi ledar hannunsa.

"Ka ɓata hanya ne, Mwalimu?"

"Na ɓata. Yau na gane ta. Wurin Maitu na zo, idan za ta gan ni."

Tsohuwar na kwance a kan tabarma a inda rana ke faɗowa, an lulluɓe ta da bargo biyu. Ya durƙusa nesa kaɗan, ya gaishe ta da yarensa na birni.

"Wane ne? Mai sabulu?" ta ce. "An ce mini ran Lahadi za ka zo. Yau Lahadi ce?"

"Talata ce, Maitu."

"Wata nawa ke nan?"

Ya buɗe baki, ya rufe. "Ban ƙirga ba."

"Ka fara hankali." Ta yi 'yar dariya, tari ya katse ta. "Faɗi abin da ya kawo ka."

"Na zo in mayar da abin da na rage. Na shigo gidanki, na ci abincinki, na sa jikarki ta taɓa kan 'ya'yanki, sannan na cire Thuo daga cikinsu da bakina. An gargaɗe ni, ban ji ba. An ce in dawo, ban dawo ba. 'Ya'yanki tara cike ne, Maitu. Ni ne ban iya lissafin ba."



"Ka faɗi sunansa daidai," ta ce. "Tun da aka binne shi, baƙo bai taɓa faɗin sunansa a gidan nan ba. Kana tsammani ban san ƙyanda ba ce? Na sani. Amma mutumin nan da biro, da ya dawo bayan shekara, layi ya ja a kan takardarsa ya rubuta tara. Shi a wurinsa an gama. Ni kuwa har gobe idan na dafa shayi, hannuna yana kaiwa ga kofinsa."

"Ki yafe mini."

"Na yafe tun ranar, ɗan nan. Zuwanka nake jira in faɗa maka. Kai ka tsaya." Ta juya kai. "Wangeci, daina laɓewa, ina ganin ƙafarki. Ɗora shayi. Ki sauko mini da mai shuɗin zare."

Wangeci ta kawo shi da hannu biyu. Tsohuwar ta sa aka tayar da ita zaune, ta juya kofin da kanta, ta goge cikinsa da gefen zanenta, ta zuba shayi.

"Ba gurbinsa na ba ka ba, ba mai shiga gurbinsa. Aro ne. Da yana nan, shi zai tare ka a ƙofa ranar da danginka za su zo neman ƙanwarsa, ya wahalar da kai. Sha."

Ya sha, hawaye na zuba a ciki.

"Shi kuma Gichuki?" ya tambayi Wangeci daga baya, a bakin gadar katako.

"Ya tambaya sau biyu, na ce a'a sau biyu, bai fasa kai Maitu asibiti ba. Ya fi ka kirki nesa ba kusa ba."

"Na sani."

"Ya fi ka iya gaisuwa, ya fi ka iya yare, ga mota."

"To me ya sa..."

"Kai dai ba ka gajiya da tambayar da ba ta da amsa." Ta share ido da bayan hannu. "Wata goma sha ɗaya, Ndirangu. Ni na ƙirga, ko kai ba ka ƙirga ba."

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Ba ni da abin da zan biya watannin nan da shi. Amma duk Lahadin da ta rage mini a duniya taki ce, Ɗaya tawa."

Ta amsa: "Ka zo da murafenka. Maitu ta ce tana so ta ga wannan sharar da ake ba ka albashi a kanta."

Ya riƙa zuwa. Yakan baje murafe a kan tabarmarta, Nyakio na ƙirgawa, tsohuwar na gyara mata zama. A watan Satumba danginsa suka zo daga Nakuru da awakinsu, aka yi magana, aka sa rana a Disamba, bayan an rufe makaranta, lokacin da 'ya'yanta duka za su sami dawowa. Ta zauna a kujera ranar, ta sa hannu a kansu su biyu, ta yi musu addu'a.

Ba ta kai Disamba ba. A ƙarshen Oktoba ta rasu, da hantsi, Wangeci na riƙe da hannunta. Ta bar wasiyya kada a ɗaga ranar ko da kwana ɗaya, ta ce an jira ya isa.

Wata uku kacal ya samu yana zama kusa da ita. Da ya koma ranar da aka ce ya koma, tun shayinsa bai huce ba, da an yi bikin tun bara, da ita za ta tsaya a ƙofar coci tana guɗa. Ba wanda ya taɓa faɗa masa haka, ko Wangeci. Shi ya san lissafin, ba ya kuma bukatar murafe.

Aka ɗaura aure ranar Asabar, rana ta fito tas. Gichuki ne ya yi ta jigilar baƙi a motar madara, yana yi wa ango tsiya cewa ya wanke motar da irin sabulun da aka wanke yarensa. Yaran ajin suka zo da furanni, suka yi waƙa, suka ɓata layi, ba wanda ya damu.

Da aka dawo gida shan shayi, Nyakio ce ta hau kujera ta sauko da kofunan. Ta riƙa ɗaga kowanne tana kiran mai shi. Ta miƙa wa ango mai shuɗin zare. Na ƙarshe mai farin zare ne, na Shosho, bakinsa ya ɗan lanƙwashe. Ta goge shi, ta mayar saman kantar, ta kife.

Wani kawun ango, mutumin birni, ya dubi taron 'yan'uwan amarya ya ce, "Kai, Ndirangu, ka shiga babban gida! Surukan naka su nawa ne haka?"

Wangeci ta ɗago ta dubi mijinta.

"Cike suke, Kawu," ya ce. "Zo in faɗa maka sunayensu."

Ya kama hannunsa, ya bi da shi ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake Thuo ba.

Allah ya ji ƙan Maitu Wambaire. Su kuma ya ba su zaman lafiya da haƙuri da juna, ya cika musu kantarsu da kofuna, kowanne da zarensa, kowanne da mai shi.